Rasuwar Mai Sunan Inna, Gwaji na 417

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Malama Naja'atu Lawan ta unguwar Daurawa, mai sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki da duk wanda abin ya shafa, har da waɗanda suke ganin bai shafe su ba, rasuwar Gwaji na 417, wanda aka fi sani da Mai Sunan Inna. Ya rasu da safiyar Asabar ɗin ƙarshen watan jiya, a ofishinsu da ke saman wani kemis a Gyaɗi-Gyaɗi, bayan doguwar jinya. Ya bar duniya yana da shekara huɗu da wata bakwai. A iya tsawon rayuwarsa bai taɓa ci ba ko sau ɗaya, kullum faɗuwa yake yi, kuma mai makokin ba ta jin kunyar a faɗi haka a bainar jama'a.

Saboda waɗanda ba 'yan sana'ar ba, kada su ce an tara su makoki ba a gaya musu wanda ya mutu ba, ga bayani. Kamfanin da Malama Naja'atu take wa aiki yana yin manhajar ajiye katin marasa lafiya, don ƙananan asibitoci su huta da tarin fayil da gara. Duk lokacin da wani ma'aikaci ya taɓa manhajar, ko da harafi ɗaya ya canja, akwai wata kwamfuta a kusurwar ofis da take tashi ta yi mata tambayoyi ɗari shida da goma sha biyu a jere. Kowace tambaya ita ake ce wa gwaji. In manhaja ta amsa daidai, ɗigo kore ya fito a babban allon da ke jikin bango. In ta amsa ba daidai ba, ɗigo ja ya fito, saƙo ya shiga wayar kowa. Marigayin yana ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi, kuma shi ne jan da allon ya fi sani.

An haifi marigayin wata Laraba da yamma, amma tushensa daga layin asibiti ne. Duk wanda ya taɓa raka tsohuwa yankar kati ya san yadda ake yi. A tambaye ta ranar haihuwa, ta ce ita dai an ce tana goye aka samu 'yancin kai. Mai yankar kati ba shi da lokacin tarihi, ga layi har waje, sai ya rubuta ɗaya ga Janairu, 1960, ya ce na gaba. Da wannan alƙalami aka haifi rabin tsofaffin Kano rana ɗaya. Ita kuwa manhajar kamfanin, da suna da ranar haihuwa take gane mutum, ba ta da wata hanyar.

A safiyar wannan Larabar Malama Naja'atu ta raka mahaifiyarta wani ƙaramin asibiti a Tarauni, wanda a lokacin bai san kwamfuta ba sai takarda. Aka kira Jummai Lawan, mata biyu suka miƙe. Ɗaya mahaifiyarta ce, Lawan mijinta ne. Ɗayar daga Unguwar Gano take, Lawan mahaifinta ne. Aka duba kati, duka biyun ɗaya ga Janairu, 1960. Tsofaffin suka tafa, suka shiga kiran juna takwara, har yau ma zumunci suke yi. Kowa a wurin ya yi dariya ban da Naja'atu, domin a saman katin mahaifiyarta akwai rubutu da jan biro cewa kada a kuskura a yi mata allurar penisilin. An taɓa yi mata sau ɗaya shekarun baya, fuskarta ta kumbura, numfashinta ya sarƙe, da ƙyar aka ceto ta. Katin takwarar kuwa fes yake, babu wani gargaɗi.

Tana komawa ofis ko mayafi ba ta ajiye ba ta rubuta gwajin. Ta shigar wa manhaja mata biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, sannan ta tambaye ta mutum nawa ne. Manhaja ta ce ɗaya. Ba ta tsaya nan ba, ta ɗora kati na biyu a kan na farko ta shafe shi, har da gargaɗin allurar. Nan take allo ya yi ja. Haka marigayin ya zo duniya, da kuka kamar kowane jariri, sai dai shi bai daina ba.

Sunansa na yanka yana ɗauke da sunan matan biyu, domin da shi aka rubuta shi. To amma wa zai sa 'yar Daurawa ta buɗe baki a taron ofis ta ambaci sunan mahaifiyarta gatsau? Ranar farko da ta tashi yin bayaninsa ta yi ta kame-kame, ƙarshe ta ce, “Wannan dai mai sunan Inna.” Shi ke nan suna ya bi shi. Har shugaban kamfanin, Malam Ɗalhatu, da furfurarsa, haka yake kiransa.

Waɗanda suka zauna da marigayin za su shaide shi da kaifi ɗaya. Ba irin Gwaji na 233 ba ne, munafukin da zai faɗi da safe ya ci bayan azahar ba tare da an taɓa komai ba, sai yadda intanet ta kaɗa shi. Mai Sunan Inna abin da ya faɗa ranar haihuwarsa shi ya faɗa har ranar da aka rufe bakinsa. Bai san damina ba, bai san azumi ba, bai san an ɗauke wuta an koma janareto ba. Ba ya makara, ba ya neman hutu. An zage shi, an yi masa tsaki, an taɓa jifan allon da murfin biro saboda shi, bai riƙe kowa a zuciya ba. Muryarsa ƙaramar ƙara ce a waya, tin-tin, sau biyu, sannan jimla ɗaya tak wadda ita ce duk abin da ya iya faɗa a duniya: “Ana sa ran mutum biyu, an samu ɗaya.”

Mai karatu zai ce, to me ya hana a gyara kuskuren a huta? Tambaya ce mai kyau, ita ma mai makokin ta yi ta fiye da sau ashirin. Abin da ya sa shi ne kuskuren a harsashi yake. Sai an ba kowane majiyyaci lambarsa ta kansa, an warware duk inda aka jingina da suna da ranar haihuwa, an sake ɗaurawa. Aikin mako uku ne na mutum ɗaya da ba a dame shi da komai ba. Malam Ɗalhatu ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Shi ne mai zuwa gaisuwa kafin kowa, shi ne mai sayo wa ofis gurasa ranar Juma'a. Amma mako uku bai taɓa samuwa a kalandarsa ba. Duk lokacin da aka tayar da maganar sai ya shafa gemu ya ce, “In sha Allahu bayan Sallah.” Bai taɓa cewa wace Sallar ba, an kuwa yi tara a rayuwar marigayin. Asibitoci biyun da suke amfani da manhajar a lokacin, da baki aka gaya wa ma'aikatansu cewa in suna ya zo ɗaya su ƙara sunan unguwa a gaba.

Ciwon ajalin ya faro ne daga sabo, wanda Hausawa suka ce turken wawa ne. Shekara ɗaya da rabi marigayin yana ja, har kunne ya daina jin ƙararsa. Waya ta yi tin-tin, ba mai ɗagawa, sai wani ya ce, “Mai Sunan Inna ne,” a ci gaba da aiki. Rannan wani sabon kuskure ya shigo, wani gwajin daban ya faɗi, ya yi ta kuka kwana uku a gefen marigayin ba wanda ya waiga, kowa ya ɗauka tsohon ne. Da aka gano, sai aka bar jaki aka hau dukan taiki. Aka ce Mai Sunan Inna ne ya lalata wa mutane kunne.

Naja'atu ta ga akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don haka ita da hannunta ta ba shi maganin farko. Ta sa masa alamar da 'yan sana'a suke sa wa gwajin da aka san zai faɗi. Ta rubuta dalili a jikinsa dalla-dalla, da kwanan wata, da sunanta, ta kuma gindaya sharaɗi cewa duk ranar da ya ci, to ya yi ihu, don a san an gyara ko kuma wani abu ya canja. Daga nan ya bar ja ya koma ruwan ɗorawa, ya daina damun wayoyi. Wannan magani ne na ƙwarai, babu mai sukarsa. Kullum ana yi masa tambayarsa, kullum yana ba da amsarsa, sai dai a hankali. A ƙasan allo kuma ana rubutawa: ɗari shida da sha ɗaya sun ci, ɗaya an san zai faɗi. Shekara biyu da rabi ya yi a haka, cikin mutunci, kamar dattijon da ya bar shiga taro amma ana leƙa shi a zaure.

Sai ranar da masu asibitoci suka zo ganin manhajar. An share ofis, an sayo lemo da ruwan roba. Cikinsu akwai wani likita mai sa ido, ya tsaya gaban allo ya nuna da makullin mota ya ce, “Wannan ɗaya fa, me ya same shi?” Malam Ɗalhatu ya yi bayani, ya ƙara bayani, gumi ya jiƙa masa hula. Baƙi suna fita ya rufe ƙofa.

“Malama Naja'atu, daga yau a riƙa tsallake shi.”

“Malam, in aka tsallake shi ai ba a tambayarsa ke nan. Wanda ba a tambaya yaya za a san yana nan?”

“Mu ai mun sani. Baƙo ne ba ya buƙatar sani. Na ɗan lokaci ne.”

Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta kuma faɗa masa ranta ya ɓaci. Amma shugaba shugaba ne. Aka sa masa alamar tsallakewa, ya koma ruwan toka, sannan aka daidaita allon ya daina nuna masu ruwan toka gaba ɗaya. Tun daga ranar ba a sake jin muryarsa ba. Yana kwance a gadonsa, ana zagayen duba marasa lafiya ana wuce shi, wata bakwai cur.

Game da yadda ajalin ya zo, mai makokin ta nemi a rubuta shi yadda ya faru, ba ragi. Kamfanin yana da wata al'ada. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli da ake hana zirga-zirga daga bakwai zuwa goma, tunda ba mai iya fita, kowa sai ya buɗe kwamfutarsa a gida ya yi wa manhaja shara: a kwashe tsofaffin rubuce-rubucen da ba a amfani da su, a goge abin da ya mutu. Malam Ɗalhatu ne ya ƙirƙiro ta, yana kuma ji da ita. A wannan Asabar ɗin, abokin aikinta Suhaib, mutum mai tsafta har ta yi masa yawa, ya tattaro duk gwajin da aka fi wata shida ana tsallakewa, guda goma sha huɗu, ya ɗaure su a ƙunshi ɗaya don zubarwa. Bai duba sunayensu ba, shara ai ba a karanta ta.

Dokar ofis ita ce ba a goge komai sai mutum na biyu ya duba ya amince. Suhaib ya tura wa Naja'atu. Saƙon ya same ta a ƙofar gida, tana riƙe da manjagara tana yashe kwata, hannunta ɗaya cikin leda, ga 'yan duba-gari sun shigo kan layi suna leƙa gida-gida. Ta zaro waya da hagu, ta ga an rubuta sharar tsofaffin gwaje-gwaje, ta ce a ranta Suhaib ba ya aikin banza. Da ɗan ƙaramin yatsanta, wanda shi kaɗai ne bai taɓa kwata ba, ta danna amincewa. Ƙarfe tara saura minti goma sha takwas. Ta mayar da waya ta ci gaba da yasa, har 'yan duba-gari suka yaba mata.

Sai ranar Litinin ta sani. Ta shigo ofis ta tarar da allo kore shar, a ƙasa an rubuta ɗari biyar da casa'in da takwas sun ci, ba ragowar komai. Ta nemi na 417 a inda yake kwanciya, babu shi. Ta buɗe tarihin aikin don ta ga wanda ya yi wannan ɗanyen aiki, ta ga sunan Suhaib, a ƙarƙashinsa kuma nata. Suhaib ya zo ya tsaya a kanta yana ba da haƙuri, ta ce masa, “Kai ka ɗaure, ni na zubar. Je ka zauna.”

A wannan sana'a, ba kamar a duniyar mutane ba, ana iya tayar da mamaci, aikin minti biyu ne. Ta je ta samu Malam Ɗalhatu a kan haka. A nan ne ya yi mata albishir, fuskarsa cike da fara'a, cewa asibitin Tarauni, wanda mahaifiyarta da takwararta suke zuwa, ya amince zai bar takarda ya koma manhajarsu. Ranar Alhamis za a juye duk katunansu a ciki.

“Malam, su biyun duk a can suke. Ba misali ba ne, mutane ne masu rai. Ɗaya ni ta haifa.”

“Na sani, Allah ya ƙara mata lafiya. Ki je ki gaya wa Sista Huraira da baki, ita ce babba a can, mace ce mai lura.”

“To a mayar da shi mana, ko da ruwan ɗorawa ne.”

“Mai asibitin zai sake zuwa Laraba, kore na ce masa zai gani. Ki kawo min shi da maganinsa a hannu, in karɓe ku tare da hannu biyu.”

“Mako ukun fa?”

Ya shafa gemu. Ba ta tsaya jin sauran ba.

Ta je ta gaya wa Sista Huraira, ta kuwa saurara da kyau, ta rubuta a ɗan littafinta. Amma Sista Huraira mutum ɗaya ce, tana da ranakun hutu, tana da yara masu zazzaɓi, kuma wata mai zuwa za ta tafi ƙaro karatu. Wanda zai zauna a kujerarta allo zai duba, allo kuwa zai nuna masa Jummai Lawan guda ɗaya, mai kati fes. Wannan shi ne abin da ya hana mai makokin cin abincin kirki tun ranar Litinin, tsoro take ji, kuma ba ta ɓoye ba.

Marigayin ya rasu ya bar 'yan uwa ɗari biyar da casa'in da takwas, duk kore, duk ana yabonsu, ba ɗaya a cikinsu da ya taɓa tambayar abin da shi ya tambaya. Ya bar Gwaji na 233, wanda ko a ranar rasuwar sai da ya faɗi ya kuma ci. Ya bar Suhaib, da ya rantse daga yau sai ya karanta shara kafin ya zubar. Ya bar Malam Ɗalhatu, wanda ya aiko da ta'aziyyarsa tare da gurasa. Sannan ya bar kuskuren da aka haife shi domin ya sa wa ido, yana nan da ransa, cikin ƙoshin lafiya, ya ma samu ƙarin girma, tunda daga jibi asibiti uku zai riƙa zagayawa.

Iyalan suna roƙon duk wanda marigayin ya taɓa katse wa cin abinci ko hira da ƙararsa ya yafe masa. Waɗanda kuma suka san shi ne yake da haƙƙi a kansu, sun san kansu, ba sai an kira suna ba.

Ga tsarin jana'iza. Babu wanka, babu likkafani, babu haƙa, domin gawar tana nan kwance a tarihin manhajar, a shafin Asabar ɗin ƙarshen wata, duk mai son ziyara zai same ta tsakanin 'yan uwanta goma sha uku. Za a yi sallama da shi ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe, daidai lokacin da za a fara juye katunan asibitin Tarauni. Zaman makoki a kan bencin da ke gaban ɗakin kati ne, ba a gida ba. Mai makokin ta ɗauki hutun ranar, ta kuma roƙi a ba ta tsohon katin takarda na mahaifiyarta kafin a kai fayiloli sito, za ta zo da shi a jaka. Haka za ta riƙa yi duk ranar da tsohuwar take da ganin likita, har sai ta gama aikin mako ukun, wanda ta fara da kanta jiya bayan la'asar ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ba a kawo abinci, ba a kafa rumfa. Duk mai tsohuwa ko tsoho da aka rubuta wa ɗaya ga Janairu, ya fi kyau ya rako shi da ƙafarsa.

Roƙo na ƙarshe ga masu zuwa gaisuwa shi ne, don Allah kada a ambaci marigayin a gaban Inna. Ba ta san an taɓa yin sa ba. Abin da ta sani shi ne aikin 'yarta ya zo asibitinsu, ta gaya wa duk matan layi, ta fito da atamfarta ta ƙasan akwati ta ba da guga. Jiya ma ta ce wa Naja'atu ranar Alhamis ta tafi aikinta kawai, ba sai an raka ta ganin likita ba, tunda yanzu kwamfutar 'yarta ce take riƙe da katinta. Naja'atu ta ce to, Inna. Za su fito daga gida tare, ƙarfe takwas.